Fanka Mai Ruwa a Zafin Hamada: Abin da Take Iyawa da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Na'urar da wannan sharhi ya shafa ita ce fanka mai ruwa, irin mai tayoyi da ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki, wadda duk wanda ya koma zama a ƙasar hamada zai ji ana ba shi shawarar ya saya tun kafin ya gama kwance kayansa. Tawa matsakaiciya ce: tankinta yana cin lita 50, wutar da take ja ba ta wuce wat 200 ba, tana da matakan gudu uku, kuma bayanta da gefunanta biyu an rufe su da wata takarda mai kauri mai ramuka irin na saƙar zuma. Na yi amfani da ita tun daga shigowar zafi har fitarsa a gidan haya mai rufin kankare, kuma hukuncina shi ne ta cancanci a saye ta, amma bisa sharuɗɗa biyu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Na farko, iskar wurin ta kasance busasshiya ƙwarai. Na biyu, mai gida ya yarda ya bar taga a buɗe a daidai lokacin da hankalinsa yake ce masa ya rufe ko'ina.

Aikinta ba shi da wani sirri. Akwai ɗan ƙaramin famfo a cikin tankin da yake tura ruwa sama, ruwan ya gangaro ya jiƙa saƙar, fankar kuma ta jawo iska mai zafi ta cikin ramukan. Yayin da iskar take ratsawa, wani sashe na ruwan yana zama tururi, kuma ba ya zama tururin sai ya ƙwaci zafi daga iskar. Kowace lita ɗaya da ta bi iska tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400 (kilojul shi ne ma'aunin yawan makamashin zafi), shi ya sa iskar da take fitowa ta gaba ta fi wadda ta shiga ta baya sanyi nesa ba kusa ba. Hanya ɗaya ce da wadda gumi yake sanyaya jikin mutum, kuma raunin ma iri ɗaya ne, domin gumi ba ya amfani sai ya bushe, ba ya kuwa bushewa idan iska ta riga ta cika da laima.

Wannan ne ya sa tambayar farko ba ta kan na'urar take ba, ta kan iskar garin da mutum ya koma take. Akwai iyakar da babu wata fanka mai ruwa da za ta iya tsallakewa, kuma kowa yana iya gano iyakar kafin ya kashe ko sisi. Sai ya sami ma'aunin zafi, ya naɗe bakinsa da ɗan tsumma mai laushi da aka jiƙa, ya ajiye shi a gaban fanka a inuwa na wasu mintuna, sannan ya karanta lambar da ya tsaya a kai. Wannan lambar ita ce ƙarshen sanyin da ruwa zai iya kai wannan iskar. A ranar da zafi ya kai digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, laima kuma ta tsaya a kashi 10 cikin ɗari, jiƙaƙƙen ma'aunin zai nuna kusan digiri 20, wato akwai tazarar digiri 23 da na'ura za ta iya cin wani kaso daga ciki. Manyan da ake ɗorawa a kan rufi, masu saƙa mai kauri sosai, sukan ci kashi 80 ko sama da haka, su fitar da iska mai kimanin digiri 25. Tawa ba ta kai nan ba. A irin wannan ranar abin da nake samu a bakinta yana tsakanin 29 da 30, tsakiyar ɗakin kuma ya zauna a 31 zuwa 32. Wanda bai taɓa zama a hamada ba zai ga 31 kamar ba sanyi ba ne, amma wanda ya shigo daga 43 kuma iska tana kaɗa shi ya san cewa a nan ana iya cin abinci, a yi karatu, a yi barci.

Idan aka juya lissafin, sai a ga inda gizo yake saƙa. A ranar da zafi yake digiri 35 kawai amma laima ta kai kashi 50, jiƙaƙƙen ma'aunin yana tsayawa a wajen 26, tazarar ta koma digiri 9, na'ura irin tawa kuma ba za ta iya rage fiye da 5 ko 6 ba, sannan ta ƙara wa ɗakin danshin da zai hana gumi bushewa. Mutum ya ji jikinsa yana danƙo, tufafi suna manne masa, alhali lambar da ke jikin bango ta sauka. Saboda haka kalmar hamada kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Riyad da Jidda duk a ƙasa ɗaya suke, amma ta farko tana tsakiyar tudu da busasshiyar iska, ta biyun tana bakin Bahar Maliya da laima mai nauyi. Dubai da Doha ma rairayi ne ya kewaye su, amma iskar teku tana hana wannan na'ura yin wani abin kirki a mafi yawan watannin zafi. Ko a Finiks ta jihar Arizona a Amurka, inda aka daɗe ana dogaro da irinta a gidaje, mazauna sun san cewa tana aiki sosai a Mayu da Yuni, amma da zarar iskar damina ta shigo a Yuli sai ƙarfinta ya ragu, shi ya sa gidaje da yawa suke da ita suke kuma da eyakwandishan. A wancan birni, a shekarar 2023, an yi kwana 31 a jere zafi bai gaza digiri 43 ba, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, kuma irin wannan tsawon ne yake gwada kowace hanyar sanyaya gida.

Sharaɗi na biyu, wato barin taga a buɗe, shi ne yake raba waɗanda suke yabon na'urar da waɗanda suke kushe ta, kuma yawancin masu kushen baƙi ne da suka saba da eyakwandishan. Ita eyakwandishan tana juya iskar ɗaki ɗaya ne tana cire mata zafi da laima, don haka rufe ƙofa dole ne a wurinta. Fanka mai ruwa kuwa idan aka rufe ta a ɗaki, iskar da ta jiƙa ita za ta sake jawowa, laimar ta yi ta hauhawa, kafin a jima ruwan ya daina bin iska, sanyin ya tsaya, ɗakin ya zama ga zafi ga danshi. Yadda ya kamata shi ne a jingina bayanta da buɗaɗɗiyar taga ko ƙofa ta ɓangaren da yake cikin inuwa, domin ta riƙa jan sabuwar busasshiyar iska daga waje, sannan a buɗe wata tagar a can ƙarshen ɗakin, ko a ɗakin da ake so sanyin ya bi ya isa, domin jiƙaƙƙiyar iskar ta sami mafita. Da wannan ake sarrafa inda sanyin zai nufa: ɗakin da aka buɗe tagarsa shi yake samu, wanda aka rufe ya rasa. Girman buɗewar ma yana da tasiri. Idan ta yi kaɗan, ɗaki ya yi nauyi, idan ta yi yawa, iska mai zafi ta kutso. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a riƙe ɗan siririn takarda a bakin tagar fita, idan iska tana tura shi waje a hankali to an daidaita. Littafin da ya zo tare da na'urar ya ambaci wannan magana a layi guda cikin ƙananan haruffa, alhali ita ce ta cancanci shafin farko.

Ta fuskar wuta, a nan ne ta fi burge ni. Eyakwandishan da za ta iya da ɗaki mai girman nawa tana jan wat 1,000 ko fiye, ita kuwa wannan 200 ne iyakarta, domin ba ta da kwamfireso, wato injin matse gas da yake cin wuta a eyakwandishan, fanka ce kawai da ɗan famfo. Ƙaramin janareta yana ɗaukarta ba tare da gurnani ba, batir da faifan sola ma haka, kuma hamada ba ta rasa rana. Ga wanda yake zaune a inda wuta take yankewa a tsakiyar zafi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai abin da ba ta ci a wuta ba tana cinsa a ruwa, kuma ruwa a hamada ba abin wasa ba ne. Lissafin a bayyane yake: don a rage wa iska mai yawan kubik mita 1,500 a awa guda zafin digiri 15, sai an ƙone kusan lita 10 na ruwa a wannan awar. Haka kuwa na gani. Da tsakar rana a kan babban gudu, tankin lita 50 ba ya wuce awa biyar zuwa shida, amma da dare a kan ƙaramin gudu yana kai mutum asuba. Duk kwalin da ya yi alfahari cewa na'urarsa tana yini guda da lita goma, to ya faɗa wa mai saye da bakinsa cewa sanyin da take bayarwa kaɗan ne, tunda sanyin daga ruwan da ya ƙone yake fitowa. Wannan hukuncin ya hau kan ƙananan nan masu girman akwatin takalmi da ake tallatawa a intanet da sunan ƙaramar eyakwandishan, masu tankin da bai kai lita ɗaya ba. Suna iya sanyaya fuskar wanda ya kusanto su, ba su iya komai da ɗaki. Tawa tana da wurin haɗa tiyo tare da ɗan bawul mai yawo a kan ruwa da yake rufewa idan tanki ya cika, kuma ina ganin bai kamata a sayi wadda ba ta da shi ba, domin ɗauko bokiti sau uku a yini aiki ne da yake gundura tun a makon farko.

Akwai wani aljihu a samanta da aka tanada don ƙanƙara, har da robobi biyu da ake daskarewa a firji. Wannan ado ne kawai. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan zafi kilojul 334 kafin ya narke, kimanin kashi ɗaya cikin bakwai ke nan na abin da lita ɗaya ta ruwa take ɗauka idan ta zama tururi, na'urar kuwa tana ƙone lita da yawa a kowace awa. Iskar takan ɗan ƙara sanyi na 'yan mintuna, shi ke nan. Ƙanƙarar ta fi amfani a cikin kofin ruwan sha.

Ingancin ruwan shi ne matsalar da take zuwa a hankali ba a lura ba. Ruwan rijiyoyi da na burtsatse a yawancin ƙasashen hamada yana ɗauke da ma'adanai masu yawa, kuma idan ruwa ya bi iska, ma'adanan ba sa binsa, a tanki suke zama suna taruwa. Duk wanda yake ƙara sabon ruwa a kan tsohon ba tare da zubarwa ba, yana ƙara kaurin gishirin ne kullum, har sai wani farin ɓawo ya hau saƙar ya toshe ramukanta, ya toshe ƙananan hudojin da ruwa yake gangarowa ta cikinsu, ya kuma kama famfon. Alamar farko ita ce a ga wasu layuka a jikin saƙar sun bushe alhali famfo yana aiki, kuma ta waɗannan busassun wuraren ne iska mai zafi take wucewa ba a taɓa ta ba. Maganin shi ne a zubar da ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a mako, a goge cikinsa, a jiƙa famfon da bututun a ruwan khal, wato binega, lokaci zuwa lokaci domin ɓawon ya narke, a kuma buɗe hudojin da tsinke. Saƙar ba a dirje ta da buroshi, takarda ce, kurkure ta ake yi da ruwa mara ƙarfi. A nan ina da ƙorafi a kan masu ƙera tawa: sun sanya marfin zubar da ruwa a can ƙasa ta baya, kusa da ƙasa ƙwarai, ta yadda babu wata roba da za ta shiga ƙarƙashinsa, sai dai a tura na'urar har waje, tayoyin kuma ƙanana ne ga abin da yake ɗauke da ruwa mai nauyin kilo 50.

Zubar da ruwan ba don na'urar kaɗai ba ne, har da lafiyar mutanen gida. Ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye wuri ne da ƙwayoyin cuta suke so, ciki har da wadda take haddasa wani nau'in ciwon huhu mai tsanani da aka fara ganowa bayan ɓarkewarsa a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, wadda take yaɗuwa a ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 45. Sauro ma yana ƙyanƙyasa a tankunan da aka bari, har ma hukumomin birnin Delhi a Indiya sukan gargaɗi jama'a kowace shekara su riƙa zubar da ruwan irin waɗannan na'urori saboda zazzaɓin dengi. Ɗabi'ar da na ga ta fi amfani ita ce a kashe famfon a bar fankar tana juyawa na kusan rabin awa kafin a kashe na'urar, domin saƙar ta bushe. Yin haka yana kawar da warin tsohon ruwa da mutane suke ƙorafi a kai. Sabuwar saƙa tana da nata warin na gam da takarda, amma yana tafiya bayan an canza ruwa sau kaɗan.

Wani alherin da ba a rubuta a kwali ba shi ne laimar kanta. Baƙon hamada yakan yi fama da tsagewar leɓe, bushewar maƙogwaro, ƙaiƙayin ido, wani lokaci har haɓo, kuma eyakwandishan tana ƙara tsananta wannan domin tana tsotse ɗan danshin da ya rage. Fanka mai ruwa tana mayar da laimar ɗaki zuwa matsakaicin da hanci da fata suke jin daɗi. Amma kada a ɗora ta kusa da littattafai, kwamfuta ko kayan katako, domin abin da yake daidai bakinta yana shan danshi fiye da kima, ƙarfe kuma yana tsatsa.

Ranar guguwar ƙura ba ranarta ba ce. Jiƙaƙƙiyar saƙar tana kama wani abu na ƙurar yau da kullum, amma idan sama ta yi ja, na'urar da aikinta jawo iskar waje ne za ta cika ɗaki da ƙasa, ta mayar da tankinta taɓo. A irin wannan rana sai a kashe ta, a rufe tagogi, a jira.

Ƙararta ba ta dame ni ba a ƙaramin gudu da matsakaici, har kukan ruwan da yake gangarowa yana taimaka wa barci, amma a babban gudu sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Madubin da ake duba yawan ruwa ta cikinsa ya dushe da farin ɓawo tun da wuri, abin da ya cece shi shi ne na'urar tana kashe famfon da kanta idan ruwa ya ƙare, ta yi ƙara sau uku. Wannan ma siffa ce da ya kamata a tambaya kafin saye, tunda famfon da ya juya babu ruwa ƙonewa yake yi. Sai dai daga wannan lokacin ta koma fanka zalla, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafi ya haura digiri 40, fanka tana ƙara wa jiki zafi ne maimakon ta rage. Don haka bai dace a bar tsoho, jariri ko majinyaci shi kaɗai a gabanta da rana ba tare da an tabbatar ruwa ba zai yanke ba.

Dole kuma a faɗi cewa na'urar ba ta iya yaƙi da gini. Rufin kankare da bangon da rana ta doka tun safe suna adana zafi suna sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare, kuma babu yawan iskar da za ta hana mutum jin wannan hucin a kansa. Na sami bambanci mai yawa bayan na rataya labulen kariya a wajen tagogin yamma, domin hasken da aka tare kafin ya taɓa gilashi bai shigo ba ke nan, labulen ciki kuwa sai bayan zafin ya shigo yake tare shi. Hamada tana da wata kyauta da ya kamata a ci moriyarta: saboda ƙarancin laima da gajimare, zafi yana faɗuwa sosai da dare. A daren da iskar waje ta yi sanyi, sai a kashe famfo a bar fankar kaɗai tana zuba wannan iskar cikin gida har gari ya waye, bango ya huce, ruwa kuma ya tsira. Mutanen Yazd a Iran sun gina gidajensu a kan wannan fahimta tun ƙarnoni da suka wuce, da dogayen hasumiyoyi masu kama iska suna saukar da ita a kan ruwa, da bango mai kauri na ƙasa, na'urar zamani kuwa rabin dabarar kawai ta ɗauko.

Sabon zuwa yana da wani dalilin yin hattara a makonnin farko. Jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, ya koyi fara gumi da wuri ya kuma rage zubar da gishiri. A busasshiyar iska gumi yana bushewa kafin a gan shi, rigar mutum a bushe take alhali yana asarar ruwa, zama a gaban fanka mai ruwa kuma bai dakatar da wannan asarar ba. Launin fitsari ya fi ƙishirwa faɗin gaskiya: idan ya yi duhu, ruwan da ake sha bai isa ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗewar tsoka alamu ne na a koma inuwa a sha ruwa, amma idan mutum ya fara ruɗewa ko maganarsa ta sauya, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce aikin kowace fanka, sai a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take a nemi asibiti. A ranakun da zafi ya haura 46, ko laima ta tashi, gidan da yake da mai rauni yana buƙatar ɗaki ɗaya mai eyakwandishan, ko da ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a saita ta a digiri 27 a haɗa da fanka ta gama-gari, wanda yake sa a ji kamar an rage digiri 4. Abin da ba a yi shi ne kunna eyakwandishan da fanka mai ruwa a ɗaki ɗaya, domin ɗaya tana cire laima ɗaya tana zubawa.

Wajen zaɓen girma, yawan iskar da take turawa a awa shi ne abin dubawa, ba kyan fuska ko yawan maɓallai ba. Masu sana'ar sukan so iskar ɗaki ta sauya sau 20 zuwa 30 a awa, don haka ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4 da tsayin mita 3, wato kubik mita 60, yana buƙatar na'ura mai tura 1,200 zuwa 1,800, kuma gara a ɗauki wadda ta ɗan fi haka tunda lambar da ke kwali ta babban gudu ce. A duba kaurin saƙar da hannu, domin mai kauri ta fi riƙe iska tana jiƙa ta, a kuma tabbatar ana samun saƙar canji da famfon canji masu daidai girmanta a inda mutum yake, tunda waɗannan biyun su ne suke fara mutuwa. Tawa, da ruwa mai gishiri irin wanda nake da shi, saƙarta ta fara laushi da fari a gindinta kafin zafi ya fita, kuma zan canza ta kafin na gaba ya shigo.